Yadda Ake Zaɓar Waƙar Mutum Biyu a Karaoke, a Raba Ta, a Rera

Ranar da na fara rera waƙa tare da wani a makirfo, da ƙanwata ce, a tsakar gidan Hajiyarmu, kwana biyu bayan Babbar Sallah. An gama suyar nama, yara sun ƙoshi, sai ɗan yayarmu ya ɗauko sipikarsa mai caji ya jona da waya. Muka zaɓi wata waƙar Indiya da muka tashi muna ji tun muna ƙanana, wadda muke ganin ko daga barci aka tashe mu za mu rera ta. Kiɗa ya tashi, na shiga baitin farko lafiya lau. Da aka zo nata, muryar ta ƙi kai inda zabiyar asali take kaiwa, ta maƙale a maƙogwaro. Ni kuma don in agaza mata sai na faɗa cikin baitin. Ta sauke makirfo ta dube ni ta ce, “Yaya, nawa ne fa wannan.” Kafin mu daidaita, amshi ya wuce mu, muka kashe kiɗan a tsakiya.

Dukanmu mun san waƙar, amma babu wanda ya san rabonsa a cikinta, kuma ba mu tambayi kanmu ko ta dace da muryoyinmu ba. Daga ranar na fara lura da yadda ake gina waƙoƙin mutum biyu. Abin da na tara ne zan shimfiɗa a nan.

Karaoke dai daga Japan ta fito. Kalmar haɗin kalmomi biyu ce na Japananci: “kara”, wato wofi, da “oke”, gutsuren kalmar da suke kiran ƙungiyar makaɗa da ita. Ma'anarta kiɗa babu mawaƙi. Wani mai suna Shigeichi Negishi ya ƙera irin wannan na'ura a 1967, sannan wani makaɗi, Daisuke Inoue, ya ƙera tasa ya ba da hayarta ga wuraren shaƙatawa a birnin Kobe a 1971, ana jefa kwabon yen 100 a yi waƙa. Bai yi wa abin rajistar mallaka ba, ya bazu ko'ina. A Japan da Koriya ta Kudu da Sin yanzu ɗakuna ne ake kamawa na awa, iyali ko abokai su shiga su rufe ƙofa. A Filifin kuwa na'urar ta zama kayan gida, ana ɗauko ta a kowane biki. Mu ma abin bai yi mana baƙunta ba: wanda ya tashi yana jin mawaƙi da 'yan amshinsa, ko 'yan mata a dandali ɗaya na bayarwa saura na karɓa, ya riga ya san tushen waƙar mutum biyu.

Mataki na 1: Ku auna muryoyinku kafin ku zaɓi waƙa

Yawancin mutane waƙa suke fara zaɓa, sannan su tilasta wa maƙogwaro. Ku juya abin. Ku zauna ku biyu babu kiɗa, kowa ya ja amon “mmm” a hankali da baki rufe, ya sauka har inda muryar ta fara zama iska, sannan ya hau har inda ya ji wuya ya fara ɗaurewa. Tsakanin nan biyu ne gonarka. Idan akwai manhajar fiyano a waya, ku danna maɓallai ku ga inda kowa ya tsaya.

Ku kuma faɗa wa juna gaskiya a kan abu uku. Wa ya fi riƙe amo ba ya kaucewa? Wa ya fi dogon numfashi? Wa kunya ta fi kamawa a gaban mutane? Amsar ita za ta zaɓa muku waƙa. Ni a ganina, wanda muryarsa ta fi rauni shi ake yi wa zaɓi, domin mai ƙarfi zai iya saukowa ya same shi, shi kuwa ba zai iya hawa ba.

Mataki na 2: Ku gane yadda aka gina waƙar

Nan ne zan daɗe, domin nan ake ci ko a faɗi. Waƙoƙin mutum biyu da suka shahara a karaoke ba ginin su ɗaya ba, kuma kowane gini da irin mutanen da ya dace da su.

Akwai ta ba-ni-in-ba-ka, wadda ɗaya zai yi layi guda ɗaya ya mayar masa nan take, kamar hira. Misalinta “Don't Go Breaking My Heart” ta Elton John da Kiki Dee, ta 1976. Layukan gajeru ne, ba a buƙatar dogon numfashi, babu wanda ake bari shi kaɗai na tsawon lokaci. Masu kunya da sababbin shiga, nan za su fara. Wahalarta guda ce: babu wurin gyangyaɗi, da ka yi jinkirin ƙiftawar ido ka taka layin abokinka. “Ain't No Mountain High Enough” ta Marvin Gaye da Tammi Terrell, ta 1967, ita ma a wannan gida take, ga ta gajeriya, minti 2 da rabi kacal. Sai dai ɓangaren namijin yana sama sosai, kuma kusa da ƙarshe amon yakan ƙara ɗagawa, don haka mai kakkaurar murya ya yi shiri.

Akwai ta baiti-baiti: kowa ya ɗauki baitinsa cikakke, a haɗu a amshi. Ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi sauƙin rabawa. “7 Seconds” ta Youssou N'Dour ɗan Senegal da Neneh Cherry, ta 1994, tana cikin waɗanda nake so a wannan rukuni. Harsuna uku ne a cikinta, Wolof da Turanci da Faransanci, tafiyarta a natse, maganarta kuma a kan jaririn da aka haifa ne wanda bai san bambancin launin fata ba tukuna. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci za su ji daɗin baitin da ya faɗo musu. Baitin Wolof kuwa sai an zauna an rubuta shi yadda kunne ya ji.

“Islands in the Stream” ta Kenny Rogers da Dolly Parton, ta 1983, wadda 'yan uwan nan uku na ƙungiyar Bee Gees suka rubuta, kusan duk inda aka lissafa waƙoƙin karaoke na mutum biyu sai ta fito. Iyayenmu da suka saurari waƙoƙin karkarar Amurka a kaset da rediyo sun san muryoyin nan biyu. Tana da tarko ɗaya: bayan amshin farko, kiɗan yakan canza mataki gaba ɗaya daidai inda macen za ta shiga baitinta. Wadda ba ta sani ba za ta shiga da tsohon amo, sai a ji ta daban kiɗa daban. Haka ma “A Whole New World” ta fim ɗin yara Aladdin na 1992: amo yana ɗagawa a farkon baitin mace, kuma can gaba layukan suna hawa kan juna. Amma maganganunta tsaf suke, ana iya rera ta a gaban yara da manya.

Akwai wadda aka ɗora wa mutum ɗaya nauyinta. “Shallow” ta Lady Gaga da Bradley Cooper, ta 2018, wadda ta ci kyautar Oscar a 2019, namiji baitin farko kawai yake riƙewa shi kaɗai, a ƙasa-ƙasa, sauran hawan duk na macen ne. Idan uwargida na da murya, maigida kuma rakiya ya zo, wannan ta yi musu. Idan akasin haka ne, ku bar ta.

Sai ta saƙa, wadda muryoyi biyu suke tafiya tare kowacce a amonta daban, su haɗu su ba da zaƙi guda. “Endless Love” ta Diana Ross da Lionel Richie, ta 1981, wadda ta yi mako 9 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka, ita ce sarauniyar wannan rukuni. Mutane na zaɓarta saboda tana tafiya a hankali, suna zaton sauƙi gare ta. A hankalin nan ne wahalar take: ana jan amo da tsawo, duk ɗan kaucewa sai kowa ya ji. Kada ta zama waƙarku ta farko. Haka “When You Believe” ta Whitney Houston da Mariah Carey, ta 1998, sai mata biyu da suka san kansu.

Waƙoƙin Indiya kuwa, waɗanda mu Hausawa muka fi sabawa da su fiye da duk waɗannan, gininsu daban ne. Da amshi suke farawa, sai baiti, sai a dawo amshi, tsakani kuma da doguwar tazarar kiɗa zalla, domin a fim lokacin rawa ne. Waƙa ɗaya takan kai minti 5 ko 6. “Tujhe Dekha To” ta Kumar Sanu da Lata Mangeshkar, ta 1995, da “Kuch Kuch Hota Hai” ta Udit Narayan da Alka Yagnik, ta 1998, babu gidan da ba a san su ba. Matsalarsu ita ce ta ƙanwata: zabiyoyin Indiya da siririyar murya suke waƙa can sama. Lata ta haura shekara 60 lokacin da ta rera waccan, amma 'yan mata da yawa ba sa kai inda ta kai. Maganin yana mataki na 5. Maza biyu abokai kuma, ga “Yeh Dosti” ta Kishore Kumar da Manna Dey, ta 1975, waƙar abota ce tsantsa, mai saurin tafiya da sauƙin rabo.

Mataki na 3: Ku duba ma'ana, ku duba waɗanda ke zaune

Kafin ku tsayar da waƙa, ku karanta kalmominta daga farko har ƙarshe, ku nemi fassara idan ba harshenku ba ne. Sau da yawa kiɗa mai daɗi na ɗauke da maganar da ba za ka iya faɗa a gaban suruki ba. Waƙar soyayya ta mata da miji ce, ko ƙawaye a tsakaninsu ranar kamu ko sa lalle. Wa da ƙanwa su nemi ta abota ko ta yabon iyaye. “The Boy Is Mine” ta Brandy da Monica, ta 1998, mata biyu ne ke jayayya a kan namiji guda. Ƙawaye na jin daɗin rera ta, amma a gidan da ke da kishiyoyi za a iya ɗaukarta habaici, kuma zaman lafiyar gida ya fi waƙa.

Wani abu da ya shafi harshe: Turanci kalma ɗaya yake da ita ta kiran wanda ake magana da shi, namiji ne ko mace, don haka mata biyu ko maza biyu na iya raba waƙar Turanci yadda suka so. Hausa ba haka take ba. “Ka” da “ki”, “naka” da “naki”, su ne ke nuna mai baiti. A waƙoƙin fina-finanmu, irin waɗanda mawaƙa kamar Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa suke yi da zabiyoyi irin su Fati Nijar, rabon a fili yake daga kalmomin kansu. Idan za ku musanya baiti, sai ku musanya waɗannan ƙananan kalmomi tun a gida. Indiyanci ma aikatau ɗinsa na bambanta namiji da mace, gara kowa ya tsaya a nasa.

Mataki na 4: Ku samo kiɗan

A YouTube, ku rubuta sunan waƙar ku ƙara “karaoke duet”. Masu kyau sukan bambanta kalmomin da launi: shuɗi na namiji, ja ko ruwan hoda na mace, wani launi na uku na inda ake haɗuwa. Idan za ka yi gwaji kai kaɗai, ƙara “with female voice” ko “with male voice”, za ka sami wadda aka bar muryar ɗaya ɓangaren. Waƙoƙin Indiya suna da irin wannan da yawa. Manhajar Smule kuma tana ba mutum damar ɗaukar rabinsa ya ajiye, abokinsa ya zo daga baya ya cika nasa, ko da ɗaya na Zinder ɗaya na Kumasi.

Waƙoƙin Hausa ba kasafai ake samun kiɗansu zalla ba. Akwai manhajoji irin su Moises da ke raba murya da kiɗa daga waƙar da ka ɗora. Wani lokaci ana ɗan jin inuwar muryar a baya, amma ya isa a yi nishaɗi a gida. Idan za ku ɗora bidiyonku a Facebook ko YouTube, ku sani waƙar da kiɗan na da masu su, ana iya toshe sautin ko a sauke bidiyon.

Ku sauke kiɗan a waya tun da rana. Ku saurare shi sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, domin wasu sukan yanke baiti ko su gajarta tazarar kiɗa, ba daidai da wadda kuka haddace ba.

Mataki na 5: Ku daidaita matakin amo

Wannan shi ne abin da da mun sani a tsakar gidan Hajiya da ba mu tsaya ba. Amo na hawa ne kamar matakala mai taki 12. A fiyano, idan ka ƙirga maɓallai 12 farare da baƙaƙe a jere, na gaba da su amon farko ne ya dawo, sai dai ya fi siranta. Muryar mace a galibi tana sama da ta namiji da kusan wannan zagaye guda, shi ya sa za su iya rera layi ɗaya tare, shi a ƙasa ita a sama, a ji ya dace.

Na'urorin karaoke da manhajoji irin su KaraFun da Moises suna da maɓallin hawa da sauka, mai alamar ƙari da ragi. Danna ɗaya, taki ɗaya. Ga yadda za ku yi:

Ku tsallake zuwa wurin da waƙar ta fi hawa, galibi amshin ƙarshe. Mai wannan wurin ya rera. Idan jijiyar wuya ta tashi ko murya ta tsage, ku sauke taki ɗaya ku sake. Ku ci gaba har ya rera shi ba tare da yunƙuri ba. Daga nan ku koma wurin da waƙar ta fi sauka, galibi farkon baitin namiji. Idan har yanzu ana jin kalmominsa sarai, kun samu. Idan muryarsa ta nutse ta zama gurnani, ku mayar da taki ɗaya sama, ku raba wahalar. A waƙoƙin Indiya, sauke taki 2 ko 3 yakan wadatar da yawancin mata, kuma bai cika cutar da namiji ba. Idan kiɗan daga rikodi aka ciro shi, wuce taki 4 yakan sa kayan kiɗan su fara wani irin amo marar daɗi. Idan kun kai nan ba ku daidaita ba, waƙar ce ba taku ba, ku canza.

Maza biyu da suka ɗauki waƙar namiji da mace: mai baitin mace ya rera shi a zagayen ƙasa, da muryarsa ta Allah, kada ya matse ta. Mata biyu kuma: baitin namiji zai yi wa ɗaya ƙasa da yawa, sai ta ɗaga shi zagaye guda, ko a ɗaga kiɗan duka. YouTube ba shi da wannan maɓalli, amma idan kun ƙara “lower key” a bincike sau da yawa za ku sami wadda aka riga aka sauke. Duk lambar da kuka tsaya a kai, ku rubuta ta a jikin takardar waƙar.

Mataki na 6: Ku raba a takarda

Kada ku dogara da allo kaɗai. Ku rubuta kalmomin da hannu, layi-layi, da biro kala biyu. Inda za ku haɗu ku ja layi a ƙasa. Inda za a shaƙi numfashi ku yi ɗan karan tsaye. Inda kiɗa zai yi tafiyarsa shi kaɗai ku rubuta abin da zai nuna lokacin dawowa ya yi, misali “bayan sarewa ta yi sau biyu” ko “da ganga ta faɗo”.

Ku tsayar da magana a kan wurare uku da aka fi karo: wa zai fara amshi, wa zai yi 'yan ƙawace-ƙawacen da mawaƙan asali suke yi tsakanin layuka, da kuma tsawon da za a ja kalmar ƙarshe. Ƙawar nan, shawarata mutum ɗaya ya riƙe ta, ko a bar ta gaba ɗaya.

Rabon asali ba dole ba ne. Idan wani layi ya gagari mai shi, ku ba ɗayan. Ni da mai ɗakina akwai waƙar da ita ke ɗaukar layi biyu daga baitina saboda numfashina ba ya kaiwa, babu wanda ya taɓa lura.

Mataki na 7: Gwaji

Sau uku ya isa idan an yi shi da tsari. Na farko tare da waƙar asali, kuna bin mawaƙan a hankali. Na biyu da kiɗa zalla. Na uku ku ɗauka a waya ku saurara. Kunne daga waje yakan ji abin da mai waƙa ba ya ji, musamman wanda ke danne ɗan uwansa da ƙarfin murya.

Game da saƙa muryoyi: ku fara da rera amo ɗaya tare. Idan ya zauna, sai ɗaya ya gwada ɗagawa kaɗan a kalmar ƙarshe ta kowane layin amshi kawai. Mai riƙe da asalin waƙar aikinsa ya tsaya daram, domin kunne na jan mutum ya bi muryar da ke kusa da shi. Toshe kunne ɗaya da yatsa lokacin gwaji yana taimaka maka ka ji kanka.

Ku kula da furuci. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka a waƙar Turanci bakinmu kan so ya ƙara wasali a ƙarshen kalma ko ya haɗiye baƙin ƙarshe. Idan mutum biyu suka rufe kalma a lokuta daban, nan take ake ji. Ku kalli bakin juna a ƙarshen layi. A waƙar Hausa kuma, rubutu ba ya nuna dogon wasali da gajere, “gari” na zama da “gari” na tuwo iri ɗaya suke a allo. Kunne za ku bi, ba ido ba. Sannan muryoyin waƙoƙin fim an gyara su da kwamfuta a situdiyo, wannan karkarwa mai kama da ƙarfe ba daga maƙogwaro take fitowa ba. Kada ku wahalar da kanku wajen kwaikwayonta.

Mataki na 8: Kayan sauti

Makirfo biyu sun fi ɗaya. Idan ɗaya ne, mai ƙaramar murya ya fi matsowa kusa. Sipika ta kasance a gabanku tana fuskantar masu sauraro. Idan tana bayanku, ko aka nuna mata kan makirfo, sai ta yi ƙarar nan mai huda kunne. Kada a rufe kan makirfo da tafin hannu, yana toshe murya yana kuma jawo wannan ƙara. Tazarar yatsu biyu ko uku daga baki ta isa, a ɗan janye shi idan za a ɗaga murya.

Haɗin Bluetooth yana da ɗan jinkiri, har kalmomin allo su riga kiɗa. Idan akwai igiya, ku jona da ita. Maɓallin amsa-kuwwa ku bar shi ƙasa-ƙasa: kaɗan yana rufa asirin murya, da yawa kuma yana cakuɗa muryoyi biyu har a kasa gane mai magana. Ku saita ƙarfin makirfon kowa daban har muryoyin su yi kai ɗaya, sannan kiɗa ya zauna ƙasa da su kaɗan. Ku cika caji tun da wuri saboda ɗaukewar wuta, ku sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ku. Ku sanar da maƙwabta, ku kuma tsara lokacin yadda ba zai ci karo da kiran salla ba.

Mataki na 9: Lokacin rerawa

Minti 5 kafin ku fara, ku ja amon “mmm” a hankali da baki rufe, ku sha ruwa wanda ba mai sanyi ƙarara ba. Da hunturu, ƙura na busar da maƙogwaro, ku fara shan ruwa tun da rana. Wanda muryarsa ta dushe ya haƙura sai wani jiƙon. Tilasta mata na ƙara mata rauni.

Ku tsaya kafaɗa da kafaɗa amma a ɗan karkace, yadda kowa zai ga allo ya kuma ga fuskar ɗan uwansa. Idan ba baitinka ba ne, sauke makirfo zuwa ƙirji, ka dubi mai waƙa, ka bi kiɗa da kai ko ƙafa. Masu kallo inda kake duba suke dubawa. Idan kana kallon ƙasa kana jiran naka, ka bar abokinka shi kaɗai a fili. Kafin shigarsa, ɗan ɗaga gira ko gyaɗa kai ya ishe shi alama. A doguwar tazarar kiɗan Indiya, ku yi tafi ku jawo mutane su taya ku, amma kunne na kan alamar da kuka rubuta.

Idan abokinka ya ɓace, kada ka ƙwace baitinsa kamar yadda na yi. Ka raɗa masa kalmar farko ta layi na gaba ba a makirfo ba, ko ka rera layi ɗaya tare da shi a hankali, da ya kama ka janye. Idan kai ne ka ɓace, yi shiru ka jira farkon layi na gaba. Kada ka bi kiɗa da gudu, kada ka tsaya ba da haƙuri a makirfo. Idan duk kun rikice, amshi na nan tafe, ku haɗu a can.

Da Ƙaramar Sallah ta zagayo, ni da ƙanwata muka koma wa waccan waƙa a tsakar gida ɗaya. Mun sauke ta taki 3, takarda na hannunta da jan biro da baƙi. Da baitinta ya zo na sauke makirfo na tsaya ina kallonta, ta haye wurin nan da ya maƙale mata ba tare da ta ɗaga haɓa ba. A kalmar ƙarshe mun shirya za mu ja har ƙirga huɗu, ta ɗaga yatsa, muka rufe baki tare. Hajiya daga kan tabarma ta ce a sake sa ta daga farko.